Sababbin zuwa Ingila, ku nemi coci kafin sanyi ya shiga

Salamar Ubangiji gare ku 'yan'uwa da kuka sauka kwanan nan, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da masu kula da tsofaffi, sannunku da hanya. Na san yanzu hankalinku na kan haya da asusun banki da rajistar likita, to amma bari in sa baki kan maganar coci tun da wuri, don ita ce mutane ke turawa gefe su ce sai sun zauna tukuna, zaman kuwa ba ya zuwa.

A gida ba kai kake neman ikilisiya ba, ita take nemanka. Ka yi fashin sujada Lahadi biyu a Kafanchan ko Gindiri ko Mubi, kafin Laraba dattijo ya iso ƙofar gida yana tambayar ko lafiya, 'yan Zumuntar Mata kuma sun riga sun tare mamarka a kasuwa. Nan babu wannan fa. Kana iya ɓacewa wata shida babu wanda zai buga maka ƙofa, ba mugunta ba ce, su a wurinsu shiga sha'anin mutum ba tare da ya gayyace ka ba rashin ladabi ne. Ƙasar da 'yan mishan na SUM, wato Sudan United Mission, suka taso daga cikinta har suka isa Wase a 1904, yau za ka wuce tsohon ginin coci ka ga an mayar da shi gidajen haya ko gidan abinci. A ƙidayar 2021 kashi 46 cikin 100 ne kawai a Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi, masu zuwa sujada duk mako kuwa ba su ko kusa da haka ba. Don haka in ba kai ka ɗauki ƙafarka ka je ba, shi ke nan.

Kuskuren da yawancinmu 'yan Arewa ke yi shi ne jira, sai mun ga allon ECWA ko COCIN ko EYN da sujadar Hausa da bandiri da tulu kamar yadda muka saba. A yawancin garuruwa abin da za ka tarar shi ne cocin 'yan Najeriya irin su Redeemed, akwai kiɗa akwai rawa akwai shinkafa bayan an tashi, sai dai galibi 'yan'uwanmu na Kudu ne, ko kuma Anglican ko Baftis ko Methodist na unguwa inda awa ɗaya da 'yan mintuna an gama komai, ka duba gefe ka ga rabin masu sujadar sun kai kakanninka. Ni dai a ganina ka zaɓi wanda ake koyar da Littafi Mai Tsarki tsakani da Allah kuma wanda za ka iya takawa da ƙafa, don ranar Lahadi bas ba ta da yawa, cocin da sai ka canza mota biyu cikin ruwan sama ba za ka daɗe kana zuwa ba komai ƙwazonka.

In an tashi kar ka zame ka fita. Za ka ga an jera kofuna a bayan coci, shayi da biskit, wata tsohuwa riƙe da buta tana tambayar ko kana son madara. To zumuncin nasu ke nan, a tsaye ake yinsa, minti ashirin. Za su tambaye ka sunanka sau uku suna karya shi, ka yi haƙuri ka maimaita. A wurin ne ake jin wa ke da ɗakin haya, wa zai ba da tsohuwar rigar sanyi, kuma a wurin za a gayyace ka ƙaramin taron nazarin Littafi da ake yi a gidan wani tsakiyar mako, mutum takwas ko goma a falo. Wannan taron ya fi sujadar Lahadi kama da abin da muka baro, don a can ne in ba ka zo ba wani zai turo saƙo.

Sai babban abokin gaba, shif, wato aikin karɓa-karɓa. Masu aikin kula da tsofaffi kun san yadda jadawali ke cinye Lahadi, ga haya ga 'yan gida suna jiran a turo. Ba na ɗora wa kowa laifi, amma ka yi magana da manaja tun farko ka roƙi ko Lahadi biyu a wata, in bai yiwu ba coci da yawa suna da sujadar yamma. Kuma duk wanda ya ce maka, ko da kwalar fasto a wuyansa, ka kawo kuɗi zai samo maka takardar ɗaukar nauyin biza, ka gudu, sayar da ita laifi ne kuma kai za a bari a rana.

In kana son koyarwa a makarantar Lahadi za su ce sai an yi maka binciken DBS, wato a duba ko kana da tarihin aikata laifi, kar ka ji haushi, kowa ake yi wa har matar fasto. Ɗan wani kuma ko ya hau kan bagade kar ka kai masa hannu, ka kira iyayensa. Wajen baiko za su ba ka fom ɗin Gift Aid, gwamnati na ƙara wa coci fam 1 a kan kowane fam 4 da ka bayar, amma sai in kana biyan haraji, ɗalibin da ba ya biya kar ya sa hannu.

Daga ƙarshen Oktoba in an mayar da agogo baya, duhu ke fara danne mutum, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, addu'a ma sai ta yi nauyi a baki. Lokacin ne Hausarka za ta yi maka rana. Ka sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya, in ka zo da Littafin Waƙoƙi ka rera ko kai kaɗai ne a kicin, ku nemi juna ku da kuke jin Hausa a garinku ko ku biyar ne ku haɗu sau ɗaya a wata a tuƙa tuwo a yi addu'a.

Kirsimeti kuma ku shirya tun Nuwamba. Ranar 25 ga Disamba jirgin ƙasa ba ya aiki, bas ma kusan babu, manyan kantuna a rufe, babu yawon gaisuwa gida gida da rabon cincin da nama, kowa na cikin gidansa da iyalinsa. Ku san gidan wa za ku ci abinci da yadda za ku isa, in wani a coci ya gayyace ku kar ku yi kara irin ta gida ku ce a'a na gode, don ba zai sake tambaya ba.