Kafin ka sauya ƙafafun tsohuwar F-100, auna tukuna

Jama'a masu tada tsofaffin a-kori-kura, kar ka sayi ƙafar gaba daban ta baya daban. Ɗauki tef ka auna faɗin kowanne daga mazaunin taya zuwa mazaunin taya, sannan ka duba ramukan notin taya sun zo ɗaya.

A Amurka masu Ford F-100 ta 1967 zuwa 1979 sun fi son ƙafar gaban Crown Victoria, wata motar Ford, ta 2003 zuwa 2011, don dunƙule take fita, da sifirin da shokozoba da sitiyarin zamani da birkin faifai, noti huɗu ne manya ke riƙe ta. Ga sauƙin kuɗi. Amma fa ramukan notin tayarta biyar ne a kan da'ira mai faɗin inci 4.5, ita kuwa F-100 inci 5.5 ta zo da shi, kenan in ka bar aksul ɗin baya na asali safaya biyu za ka riƙa yawo da su.

Shi ya sa ake haɗa ƙafar Crown Victoria da aksul ɗin baya da ake kira 8.8 na Explorer, wata jif ta Ford, 1995 zuwa 2001, ramuka iri ɗaya, shi ma birkin faifai. Sai dai bai kai gaban faɗi ba, da rim za ka cike, kuma sai mai walda ya sake mazaunin sifirin.

Inda ƙafar Crown Victoria ba ta ci: F-100 ta 1953 zuwa 1956, gaban ya yi mata faɗi, taya na goga jiki. Sannan F-100 da aka sa wa ƙafar za ta sauka ƙasa sosai, in lodi za ka yi a hanyar burji mai ramuka wallahi bar mata ƙafarta ta asali.