Idan yaronku mai cafe ƙwallo ne a Amurka: alƙaluma ko bidiyon wasa?

Iyalin da suka sauka a Texas, Ohio ko Jojiya da yaro ɗan shekara 14 ko 15, dogo mai gudu, kada su yi mamaki in kocin makarantar sakandare ya fara zawarcinsa. Wasan da ake kira futbol a nan ba tamaular gida ba ce. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, fili yadi 100 (yadin da tela ke aunawa da shi), ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi 10, wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya yi tacdawun, maki shida. Yaro mai sauri yakan samu kansa a gurbin risiba, wato wanda ke tsayawa can gefe, ya ruga, mai jifa ya wurga masa, ya cafe. Daga nan sai mutane su fara gaya muku yaron nan zai samu karatun jami'a kyauta, ko kuma ba zai kai ko'ina ba, kowa da lambobinsa a waya. Ya kamata ku iya auna maganar da kanku.

Bayan wasan daren Juma'a, lambobi uku ne ke fitowa a shafuka irin su MaxPreps: sau nawa ya cafe, yadi nawa ya ci, tacdawun nawa. Matsalarsu ita ce risiba ba ya jefa wa kansa ƙwallo. Sai koci ya kira dabarar jifa, sai ƙarti biyar na gaba sun tare abokan hamayya na daƙiƙa biyu zuwa uku, sai mai jifa ya dubi wajensa, kuma ya saita. Ɗaya ya kuskure, takardar yaronku ta nuna sifiri, ko da ya bar mai tsaronsa a baya da yadi biyar. Akwai kuma makarantun da tsarinsu gudu da ƙwallo ne, ba sa jifa sai jefi-jefi. Demaryius Thomas ya yi wasa a irin wannan tsari a jami'ar Georgia Tech, ya cafe 46 kacal a kakar 2009, amma ƙungiyar Denver ta NFL, babbar gasar ƙwararru, ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2010, don masu neman 'yan wasa sun zauna sun kalle shi.

Kakar sakandare gajera ce, wasa goma ko kusa da haka, shi ya sa cafewa ɗaya ke iya rikita lissafi. A ce yaro ya cafe 20, yadi 300: yadi 15 ke nan a kowace cafewa. In ɗaya daga ciki yadi 80 ce, ranar da mai tsaro ya zame ya faɗi, ku cire ta, sai lissafin ya koma ƙasa da 12. Ga shi koci ne ko wani ɗan sa-kai ke shigar da lambobin, kuskure ba abin mamaki ba ne.

Ba a ce a watsar da alƙaluma ba, a dai raba su da na ƙungiya. Wanda ya cafe 30 a ƙungiyar da jimillar cafewarta 100 ce, kashi 30 cikin ɗari na hannunsa. Wanda ya cafe 50 cikin 280 bai kai kashi 18 ba. Na farkon ne ƙungiyarsa ta dogara da shi. Ku nemi sanin sau nawa aka jefa masa, sau nawa kuma ƙwallo ta taɓa hannayensa biyu ta suɓuce.

Lambar da ta fi ruɗar iyaye ita ce ta gudun yadi 40. A gwajin da NFL ta yi wa masu neman shiga gasar a 2017 a Indianapolis, John Ross ya yi shi cikin daƙiƙa 4.22, ya kafa tarihi, ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi na tara a zaɓen. Raunuka suka dabaibaye shi, bai yi tasirin da aka zata ba. A wannan gwajin Cooper Kupp, daga ƙaramar jami'ar Eastern Washington, ya yi 4.62, sai a zagaye na uku aka ɗauke shi. A kakar 2021 ya cafe 145, yadi 1,947, tacdawun 16, ya fi kowa a duka ukun. Agogo yana auna gudu a miƙe, babu kwalkwali, babu mai ture ka. Aikin risiba kuwa birki ne da kwana da yaudara.

Gani ya kori ji, sai a koma ga bidiyo. Yawancin makarantu suna ɗora bidiyon wasanninsu a shafin Hudl, kuma ɗan wasa yana da shafinsa. Ku sa yaron ya buɗe muku cikakken wasa wanda aka ɗauka daga saman rumfar 'yan kallo, inda ake ganin duk 'yan wasa 22. Abin da kuka ɗauka da waya ba zai yi ba, don hannu ƙwallo yake bi, risiba kuwa yakan fice daga hoto tun kafin a jefa. Ku zaɓi wasa uku: wanda ya fi haskakawa, wanda suka kara da ƙungiya mafi ƙarfi, da wanda aka ci su. Ku ajiye takarda da biro, kowane motsi ku kalle shi sau uku.

A kallo na farko ku dubi tashinsa. In mai tsaro ya matso ya tsaya masa a hanci, yana iya zillewa da taku biyu yana kaɗe hannun mutumin, ko kuwa ana riƙe shi a layi har lokacin jifa ya wuce? Na biyu shi ne kwana, kuma nan ne gwani ke bambanta da mai gudu kawai. Gwani yana tafiya kamar zai wuce, sai ya sauke ƙugu, ya dasa ƙafa, ya juya cikin taku biyu ko uku. Wanda bai iya ba yana miƙewa tsaye kafin ya juya, ko ya yi kwana mai faɗi kamar tirela a shataletale, mai tsaro ya karanta shi tun daga nesa. Ku tsayar da bidiyon daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannun mai jifa, ku duba tazarar da ke tsakaninsa da mai tsaro. Yadi ɗaya zuwa biyu ya buɗe ke nan. Ku sa masa alama ko an jefa masa ko ba a jefa ba. In ya buɗe sau 12 aka jefa masa uku, kun san inda gizo ke saƙa. Na uku, hannu: da tafuka yake cafewa nesa da jiki, ko yana jira ta bugi ƙirji? Yana ɗauke ido don ganin wanda zai buge shi? A bakin layi, ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a sakandare da jami'a, NFL ce ke neman biyu.

Sannan ku kalli abin da babu lambar da ke ƙirga shi, wato lokacin da ya san ƙwallon ba tasa ba ce. Yana tare mai tsaro don abokinsa ya wuce, ko yana yawo? Kociyoyin jami'a suna duba wannan sosai, saboda yaron da ke sanyin jiki a dabarar gudu yana tona asirin ƙungiyarsa: masu tsaro sun gane in ya zabura jifa ce.

Bidiyo ma yana da tarkonsa. Gajeren faifan bajinta da yara ke yaɗawa kwandon tumatir ne, manyan a sama. Kuma ba ku san abin da koci ya umarta ba: wani lokaci ana tura risiba ya ruga can nesa don ya janye masu tsaro biyu, wani ya cafe a gurbin da ya bari. Kafin ku ce ya ɓata, ku tambayi kocin masu cafewa. So kuma hana ganin laifi ne. In idonku na cewa gwani ne, amma shekara biyu ƙungiya tana jifa sau 30 a wasa shi kuwa kasonsa bai taka kara ya karya ba, ku yarda da lambar, ku sake kallo.

In lokacin aika wa jami'o'i ya yi, faifan ya tsaya a minti uku zuwa biyar, mafi kyau biyar a farko, da da'ira a kansa kafin kowane motsi ya fara, ba kiɗa. Shafin farko ya ɗauki suna, shekarar kammalawa, tsawo da ƙafa da inci, nauyi da fam, makin karatu da lambar wayar koci. Kada a ƙara masa inci, za a auna shi a sansanin gwaji. A haɗa da cikakken wasa ɗaya.

Makin karatun nan ba ado ba ne. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, tana neman darussa 16 na asali, da matsakaicin maki 2.3 ga jami'o'in rukuni na ɗaya, 2.2 ga na biyu, rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin karatu don wasa. In yaron ya yi aji tara ko sama da haka a gida, wato daga JSS 3 a Najeriya, takardun sakamakon waɗannan shekarun ma za a nema, na Nijar da ke da Faransanci kuma sai an fassara su zuwa Turanci layi bayan layi. Ku sa a karɓo su daga makarantar tun yanzu, da hatimi da sa hannun shugaba.