Yadda Matashi Zai Mayar Da Guminsa Jari A Kasuwannin Kano

Duk mai son sanin ko wahala ita kaɗai tana kawo arziki, ya je Kasuwar Singa ko Dawanau da hantsi ya tsaya inda ake sauke tirela. Zai ga 'yan dako suna jigilar buhuna a ka da kafaɗa tun safe har la'asar, kuma babu mai shago ko ɗaya a layin da ke zubar da rabin gumin da suke zubarwa. Da yawansu sun shekara goma a haka, kuma abin da suka tashi da shi jiya shi za su tashi da shi gobe. Babu mai cewa ragwaye ne. Abin da ya same su shi ne aikin nasu ana biyansa nan take ya ƙare nan take, ba ya barin komai a hannun mai shi in ban da kuɗin abincin ranar da ciwon baya. Don haka kafin matashi ya tambayi kansa ko yana ƙoƙari sosai, ya fara tambayar abin da ƙoƙarin yake bar masa bayan an tashi daga kasuwa. A Kano abubuwa uku ne ke taruwa su zama dukiya: sanin sana'a, amanar da mutane suka shaide ka da ita, da jari. Aikin da ba ya ƙara maka ko ɗaya daga cikinsu, ka riƙe shi don ka ci abinci, amma ka riƙa neman ƙofar fita.

Yana da kyau ka shiga da idonka a buɗe game da attajiran da ake buga misali da su. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya sha wuyar fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wannan gaskiya ne. Amma daga gidan fatake ya fito, kuma ƙarfinsa ya zo daidai da isowar layin dogo Kano a 1911, lokacin da kamfanonin Turawa ke neman wanda zai tara musu gyaɗa, shi kuma yana da mutane a ƙauyuka da suka yarda da shi. Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen jari daga kawunsa. Abdussamad Rabi'u, wanda ya kafa kamfanin BUA a 1988, ɗan attajiri Isyaka Rabi'u ne. Dukansu sun yi aiki tuƙuru, amma wanda ya ce maka aikin kaɗai ne ya kai su bai gaya maka rabin labarin ba. Kai da ba ka gaji sito ba, abin da za ka yi shi ne ka gina da hannunka abin da su suka tarar a gida, kuma wannan yana ɗaukar shekaru.

Mataki na farko shi ne zaɓen inda za ka zuba ƙarfinka. Kowace kasuwa da irin iliminta: Kantin Kwari da atamfa da shadda da leshi, Singa da kayan masarufi, Dawanau da hatsi da riɗi, Ƙofar Ruwa da kayan gini da ƙarafa, Farm Centre da wayoyi da gyaransu, 'Yan Kaba da kayan gwari. Kada ka zaɓa don ka ga abokinka ya sayi babur a can. Duba kayan da kake iya gane mai kyau da marar kyau a cikinsu, sannan ka duba inda kake da wanda zai tsaya maka, domin a kasuwannin Kano ba a ɗaukar yaro sai an san daga gidan wa ya fito. Idan tuƙin adaidaita sahu ne a gabanka, bambanci tsakanin yarjejeniya biyu ya fi bambancin yawan awannin da za ka yi a titi: wanda ke kai balas kullum har abada yana yi wa wani tara ne, wanda kuwa ya karɓi babur a kan biya sannu a hankali har ya zama nasa, ko da farashin ya fi na kasuwa tsada, yana da ranar da zai wayi gari da kadara.

Sai zaɓen ubangida, kuma a nan ne mafi yawan matasa ke asarar shekarunsu. Kafin ka zauna a shagon mutum, ka yi tambaya a layin cikin hikima: yara nawa ya taɓa sallama, ina suke yanzu, kuma da me ya sallame su? Attajirin da za a nuna maka shaguna huɗu ko biyar a ce duk yaransa ne, ya fi maka wanda ya ninka shi dukiya amma yaransa sun yi furfura suna buɗe masa ƙofa. Idan an amince, kada ka tafi kai kaɗai. Ka je da mahaifinka ko kawunka ko wani dattijo da ubangidan ke jin nauyinsa, a faɗi magana a fili: abin da za a riƙa ba ka na abinci da na mota, ko an yarda ka kasa naka ɗan kayan a gefe, da kuma kimanin lokacin da za a duba batun sallama. Mutanenmu suna jin kunyar wannan magana, suna ganin kamar rashin yarda ce ga babba, sai su ce ai Alhaji ba zai cuce shi ba. Wataƙila ba zai cuce ka ba, amma yana iya rasuwa, magada kuwa ba su san alkawarin da aka yi a baki ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, saboda haka babu abin kunya a neman a rubuta.

Da ka zauna, ka sani cewa sharar shago da ɗauko kaya daga sito ba su ne karatun ba. Karatun shi ne ka san wajen wa ake sari da nawa, wane kaya ne ke tafiya da azumi da wanda ke tafiya da kaka, wane ɗan sari daga Maraɗi ko Maiduguri ne ke biya a kan lokaci da wanda sai an bi shi, da yadda maigida ke sanya farashi idan dala ta motsa. Ka riƙe ƙaramin littafi kana rubuta waɗannan abubuwa. Ka kuma kiyaye kuɗin ciniki kamar ranka, ko da naira ɗari ce ta canji, domin labarin yaro mai hannu yana zaga layi cikin yini guda, kuma shekara ashirin ba ta goge shi. Amfanin wannan ba lada kaɗai ba ne. Ranar da ka buɗe naka tebur, manyan diloli za su ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi saboda sunan da ka yi, kuma ga ƙaramin ɗan kasuwa a Kano wannan ya fi duk wani rancen banki.

Jarin farko kan fito ne daga adashi, ko kamasho da la'adar da kake samu idan ka kai baƙo shagon da ke da abin da yake nema, ko kuma wani ya ba ka kuɗi ka juya. Adashi ba ya haihuwa, amfaninsa kawai yana hana ka taɓa kuɗin, saboda haka ka shiga wanda ka san uwar adashin da sauran masu zubi, ka kuma tsara abin da za ka saya tun kafin ranar kwasarka. Idan wani ne zai ba ka jari, ku bi tsarin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi: riba a raba ta kashi-kashi bisa abin da aka amince, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, asara kuwa a kan mai kuɗi take muddin ba sakacinka ba ne, kai kuma ka yi asarar wahalarka. Wanda ya ce zai ba ka dubu ɗari biyar ka riƙa kawo masa dubu hamsin duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ba abokin kasuwanci ba ne, kuma malamai sun hana irin wannan sharaɗi. Haka nan ka nisanci duk mai alkawarin ninka maka kuɗi cikin wata guda kana kwance. Waɗanda suka zuba a irin waɗannan tsare-tsare na damfara, MMM a 2016 da CBEX a 2025, sun isa darasi.

Da ƙaramin jari, saurin juyawa ya fi kaurin riba. Ɗauki misalin naira 100,000. Idan ka sa ta a kayan da ke ƙarewa duk mako da ribar 5,000, cikin wata uku ka sami kusan 60,000. Idan ka sa ta a kayan da ribarsu ta kai 30,000 amma sai sun wata uku kafin su fita, ka sami rabin wancan, kuma kana cikin haɗarin a sake yayi kayan su yi kwantai. Sabon ɗan kasuwa yakan ruɗu da kayan da ke da kyan gani a shago, alhali abin da ke ciyar da shi shi ne wanda ake tambaya kullum.

Abu mafi muhimmanci a wannan zamani, wanda kakanninmu ba su sha fama da shi kamar mu ba, shi ne yadda za ka auna riba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar. A irin wannan yanayi lissafi da naira yaudara ne. A ce ka sari katan goma a kan 20,000 kowanne, ka sayar duka ka haɗa 230,000, kana murna ka ci ribar 30,000. Ka koma wajen dila ka tarar katan ya zama 25,000, kuɗinka katan tara kawai za su saya da ɗan canji. Ka yi aiki, ka yi ciniki, amma shagonka ya ragu da katan ɗaya, idan kuma ka riga ka kashe waccan 30,000 da ka ɗauka riba ce, katan takwas za ka ɗauko. 'Yan kasuwa da yawa sun karye ta wannan hanya ba tare da sun gane lokacin da suka fara cin uwar kuɗi ba. Maganinsa shi ne ka riƙa ƙirga jarinka da kaya, wato katan nawa, dila nawa, buhu nawa, ka sanya farashi bisa abin da za ka biya idan ka koma sari, ba abin da ka biya a baya ba, kuma kada kuɗin ciniki su kwana da yawa a hannunka ba ka mayar da su kaya ba.

Ka yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka raba aljihun gida da na shago. Ka buɗe asusu daban na kasuwanci. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ. Ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista da zarar ka sami hali, domin kamfanoni ba sa ba mutum dilanci ba tare da takarda ba. Daga albashin nan ne za ka yi hidimar iyaye da gudummawar biki da suna da taimakon dangi. Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin da an ga ka buɗe shago sai a ɗauka duk abin da ke ciki naka ne, kuma ba a iya cewa inna ko baffa babu. Ka ware musu abin da za ka iya tun farkon wata, ka bayar da fuska a sake, idan ya ƙare ka ba da haƙuri da ladabi. Bashi ma haka: ka sa iyakar abin da zai fita, ka rubuta kowanne da suna da rana, har na aminai. Idan jarin ya kai nisabi shekara ta zagayo, zakka ɗaya cikin arba'in ce, ka sa ta a lissafi tun da wuri don kada ta zo maka ba shiri.

Akwai kuma abin da ba ya tambayar ƙoƙarin kowa. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna cikin dare ɗaya, ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata yadi na maƙudan kuɗi, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya tsayar da cinikin masu ƙaramin ƙarfi. Ba ka da ikon hana waɗannan, amma kana da ikon kada ka tara komai a rumfa ɗaya. Kada ka kwana da tsabar kuɗi a shago, ka ɗaga kaya daga ƙasa da damina, ka kashe wuta kafin ka rufe, ka tambayi yadda inshorar Musulunci ta takaful take idan kayanka sun yi yawa, kuma da ka sami rara ka sa wani abu a wajen kasuwa, ko fili ne a bayan gari mai takardu ingantattu.

Duk shekara, bayan Babbar Sallah ko wani lokaci da ka tsayar, ka zauna ka binciki kanka. Shin ka san abin da ba ka sani ba bara? Akwai wanda zai ba ka kaya bashi bana da ba zai ba ka ba bara? Kayanka sun ƙaru ko sun ragu? Idan shekara biyu ko uku suka wuce amsar duka a'a ce, ƙara sammako ba zai gyara ba, wurin ne ko sana'ar ce ba ta karɓe ka ba. Kada ka ɓace wa ubangida ba sallama, kada kuma ka tafi da abokan cinikinsa. Ka koma wajen dattijon da ya kai ka, ku je tare, ka yi godiya, ka miƙa lissafi cikakke da makullin sito, ka nemi ya sa maka albarka, domin a kasuwa ta gaba da za ka nema, shi ne mutum na farko da za a tambaya game da kai.