Kurakuran da ke sa fomular Excel ta daina aiki idan an sauya kwamfuta

Sau da yawa ma'aikaci kan gama tsara jadawalin albashi ko na kayan shago a kwamfutarsa, ya zuba a filashi, ya buɗe a ta ofis, sai ya tarar #NAME? ko #REF! sun mamaye gidajen da jiya suke nuna alƙaluma. Kuskuren da aka fi yi a wannan lokaci shi ne a hau goge fomuloli ana sake rubutawa, alhali fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Bambancin yana tsakanin kwamfutocin biyu ne, kuma alamar da ta fito ita ke nuna inda za a duba.

Idan #NAME? ce ta bayyana, Excel bai gane sunan aikin da ke cikin fomular ba, wato umarni irin su SUM, kuma galibi tsufan siga ne ya jawo. XLOOKUP da FILTER da UNIQUE suna aiki a Microsoft 365 da Excel 2021, amma Excel 2016 da 2019 ba su san da zamansu ba, kamar yadda IFS da TEXTJOIN ba sa cikin Excel 2013. A danna gidan a dubi fomular: idan an ga _xlfn. manne a gaban sunan, an gano bakin zaren. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, tsohuwar siga kan nuna amsar da aka adana tun farko, sai an taɓa wani adadi sannan komai ya wargaje. A ganina, duk jadawalin da zai yi yawo hannu zuwa hannu gara a gina shi da INDEX da MATCH, domin babu sigar da za ta ƙi su. Haka nan aikin da wani ya rubuta da makro, wato ɗan shirin da mutum kan rubuta da kansa a cikin Excel, yakan ba da wannan alama idan an adana fayil ɗin a matsayin xlsx maimakon xlsm, ko kuma Excel ya toshe makro saboda fayil ɗin ta intanet ya zo.

Batun harshe ya fi shafar mai aika lissafi daga Kano zuwa Maraɗi, inda kwamfutoci da yawa ke kan saitin Faransanci. Excel da kansa yake mayar da SUM zuwa SOMME idan aka buɗe fayil, don haka wannan ba abin damuwa ba ne. Matsalar tana tasowa ne idan an kwafo fomula daga saƙon WhatsApp an liƙa, domin abin da ake rubutawa =ROUND(B2,2) a Kano, a can =ARRONDI(B2;2) ne, da waƙafi mai ruwa, tunda su da waƙafi suke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa. Akwai kuma abin da Excel ba ya fassarawa, wato duk rubutun da ke cikin alamar zance. Wanda ya sa "yyyy" a cikin TEXT don ciro shekara zai ga haruffan sun fito tsurarsu a saitin Faransanci, wanda "aaaa" yake jira. YEAR da MONTH da DAY ba su da wannan cikas. Kwanan wata da aka shigar a matsayin rubutu ma haka yake: 03/04 uku ga Afrilu ce a saitin Ingila, huɗu ga Maris a na Amurka.

Fomular da ke ɗauko adadi daga wani fayil tana riƙe da adireshin foldar da yake ciki, wadda babu ita a sabuwar kwamfuta, kuma wannan na iya jawo #REF!. A tafi da fayilolin tare, sannan a nuna sabon wurin ta Edit Links (Workbook Links a sabon Microsoft 365) da ke ƙarƙashin Data. SUMIF da COUNTIF kuwa sukan ba da #VALUE! muddin ɗaya fayil ɗin a rufe yake.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya fitar da wata alama. A canza farashin buhu, jimla ta tsaya cik, a buga takarda a miƙa ba a lura ba. Excel yana ɗaukar tsarin lissafi daga fayil ɗin da aka fara buɗewa, saboda haka idan wancan a kan Manual yake, wato ba ya sabunta lissafi sai an umarce shi, na gaba ma ya gada. Danna F9 zai sabunta alƙaluman nan take, amma sai an shiga Formulas an mayar da Calculation Options kan Automatic, an kuma adana fayil ɗin, sannan gyaran zai zauna.