Gwajin gano masu ɗauke da SMA: inda ake ta tafka kuskure

Har yanzu ana miƙo takardar AA, a ce ai an yi gwaji kafin aure. Wannan na sikila ne. Ko leƙa ƙwayar gadon SMN1 bai yi ba, wadda ke kan kiromosom na 5. Jaririn da bai gaji lafiyayyar SMN1 daga uwa ko uba ba, jijiyoyin da ke motsa tsokarsa mutuwa suke yi, wuya ya ƙi tsayawa, tsotso ya gagara: wannan ita ce cutar SMA. Mai ɗauke da ita kuwa lafiyarsa lau, amma ta gefe ɗaya kawai ya gaji lafiyayyar SMN1. A rubuta gwajin SMN1 da sunansa a takardar neman gwaji.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a ga "kwafi 2" na SMN1 a sakamako, a ce wa mutum ya je ya kwanta da hankalinsa. Haba! MLPA da qPCR, hanyoyin da ake yin gwajin da su, ƙirge kawai suke yi, ba sa faɗin inda kwafin ke zaune. A yawancin mutane ɗaya na wajen uwa ne, ɗaya na wajen uba. Amma akwai wanda duka biyun suka taru a kiromosom guda, ɗayan fayau. Na'ura ta ce 2, alhali yana iya ba ɗansa wanda ba komai a ciki. Wannan ya fi yawa a 'yan asalin Afirka: a baƙaƙen fatar Amurka ƙirgen yana kama kusan 7 cikin 10 na masu ɗauke da cutar, a Turawa kuwa sama da 9. Ni dai ba na sallamar kowa da "2" sai an ƙara duba alamar gadon da ke yawan zuwa tare da kiromosom mai kwafi biyu, wato g.27134T>G, ita ma tana rage shakka ne kawai. In kuwa ma'aurata sun taɓa haifar mai SMA, duka biyun nake ɗauka masu ɗauke da ita, ko me takarda ta ce, sannan in nemi jinin kakanni. Wanda ya sa hannu a "babu matsala" bai tambayi tarihin gida ba, ya sani ganganci ya yi.

In uwa da uba duka suna ɗauke da ita, haɗarin haifar mai SMA ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki. Haihuwar mara lafiya ɗaya ba ta wanke uku masu zuwa.

A daina ɗora wa matar laifi, rabi daga mijin ya fito. In auren zumunci ne, a gwada 'yan'uwan kowannensu kafin a ɗaura wani.

Jini mililita 3 zuwa 5 a kwalbar EDTA (maganin hana jini daskarewa) mai murfi shunayya, ban da ta heparin, tana hana gwajin PCR aiki. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan a faɗa wa ɗakin gwajin tukuna. Yaron da ke kwance da SMA kuma shi ake fara ɗibar wa jini, tun yana raye.