Darasi na 9: Manhajar da ke tuƙa firintar 3D mai zaren roba

A darasin baya mun ga yadda nozul ke narkar da zaren roba, ya riƙa shimfiɗa shi hawa bisa hawa har abu ya fito. Yau za mu leƙa cikin injin.

Kowace firinta tana da bod, wato allon lantarkin da ke cikinta, a bod ɗin kuma akwai manhaja. Ita ke karanta umarnin da ake kira G-code, ta juya motoci, ta kula da zafi. In ta ga G28, sai ta mai da kan injin mafarinsa. In ta ga M104 S200, sai ta kai zafin nozul digiri 200, daidai da robar PLA. Manhajoji biyu ne suka fi yawa a hannun masu ƙananan injuna, Marlin da Klipper, kuma duka kyauta ne.

Marlin ce babba, tun 2011 ake amfani da ita, da ita ma Ender 3 ta kamfanin Creality ta fito. Komai a kan bod take yi. Ku shirya zanenku a kwamfuta da Cura, manhajar da ke mai da zane G-code, ku zuba fayil a memori, ku soka a inji, ku murɗa maɓalli ku zaɓa a ɗan sikirin. Shi ke nan. Inda take ba da wahala shi ne in za a ƙara wa inji sabuwar na'ura, kamar mai auna daidaiton farantin da ake shimfiɗa robar a kai. Nan sai an sake haɗa manhajar an yi wa bod filashin, irin yadda masu gyaran waya ke yi.

Klipper kuwa, wadda Kevin O'Connor ya fitar a 2016, raba aikin ta yi. Lissafi mai nauyi yana kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, bod kuma aiwatarwa kawai. Saitunanta suna cikin fayil mai suna printer.cfg, a gyara layi, a sake tayar da ita, an gama. Tana da dabarar rage jijjiga, shi ya sa inji ke gudu da sauri aiki bai yi rodi-rodi ba.

Wurin ba da umarni ma ya bambanta. Mai Klipper yakan buɗe shafin sarrafa inji, Mainsail ko Fluidd, a burauzar waya, ya ga zafi, ya tura fayil, ya tsayar da aiki. Mai Marlin in ya gaji da ɗan sikirin, sai ya haɗa OctoPrint, manhajar sarrafa inji ta burauza, wadda Gina Häußge ta ƙasar Jamus ta fara a 2012. Ita ma tana buƙatar kwamfuta a gefe.

Wani ɗalibi daga Ƙofar Marusa ya ce, "Malam, to wacce zan ɗauka?" Na ce ya fara duba wutarsa. A nan Katsina, aikin awa 6 da wuya ya ƙare ba a ɗauke wuta ba. Marlin tana iya rubuta inda ta tsaya a memori, in an kunna mata wannan saitin, wuta na dawowa ta tambaya ko a ci gaba. Sai dai in faranti ya huce, abin na iya ɓamɓarewa, don haka kada a sake baki. Klipper ta asali ba ta da wannan, ga shi yanke wa Raspberry Pi wuta farat ɗaya kan lalata memorinta. A ganina, mara sola ko inbata ya zauna a Marlin tukuna.

Kowacce kuka zaɓa, ku tabbata kariyar da ke kashe hita in zafi ya ƙwace tana kunne. Wasu tsofaffin injuna sun zo babu ita, kuma gobara ba ta sallama.

Aikin gida: ku kwafi G28 da M104 S200 a littafinku, ku rubuta aikin kowanne. Sannan ku shiga sikirin injin aji ku nemo sunan manhajarsa da lambarta, ku kawo ranar Asabar.