Kurakuran da muke yi da wuta, tururi da ƙanƙara

Kuskuren da ya fi yawa a madafa shi ne ƙara wuta bayan ruwa ya tafasa. An ɗora wake, tukunya tana ta ɓararraka, sai a ƙara itace ko a murɗa gas don ya yi saurin nuna. Ba zai yi ba. Da zarar ruwa ya tafasa, zafinsa ya tsaya ke nan. A bakin teku kamar Legas, a digiri 100 yake tsayawa. Zariya kuwa tana kan tudu, sama da mita 600, nauyin iska ya ragu, don haka wajen digiri 98 yake tafasa. Duk wutar da aka ƙara, tururi kawai take haifarwa, ruwa ya ƙone, gas ya ƙare. A rage wuta daidai yadda tafasar ba za ta tsaya ba, a rufe tukunya, a kuma jiƙa waken tun da dare.

Tururin nan ba abin rainawa ba ne. Wutar da ke mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ta ninka sau biyar wadda ke ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, har da ɗoriya. Idan tururin ya sauka a fata, duk zafin nan yake juyewa a kanta. A riƙa buɗe murfi ta gefen da ba ya kallon fuska. In an ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi minti 20. Ban da manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yi wa randa fenti ko shafe ta da siminti, wai tana yoyo. Ai wannan tsattsafin shi ne aikinta! Ruwa yana ratsowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin na ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da rani, ya rage da damina saboda iska ta riga ta cika da laima. A ajiye ta a inuwa, inda iska ke kaɗawa.

Masu sayar da zoɓo da kunun aya, kada a cika gora har baki. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. A bar sarari kamar yatsa biyu, kwalba kuwa kada ta shiga firiza.

Sai man suya. Man ƙosai yakan kai digiri 180, ruwa na faɗawa ciki yake zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watso mai da wuta. In kasko ya kama, a kashe murhu, a kifa masa murfin ƙarfe, a bar shi a rufe har ya huce.